Ƙasar tasu ce, to wa zai kawo ruwan? Fashin baƙi kan matsugunan Aborijin a Ostareliya

Me ya sa a ƙasa mai arziki irin Ostareliya, wadda ke sayar wa duniya tama da kwal da iskar gas da zinare, har yau ake samun ƙauyen da uwa ba za ta tari ruwan famfo ta dama wa jaririnta madara ba? Tambayar ta sake kunno kai a watan Oktoban 2023. A ranar 14 ga watan, kusan kashi 60 cikin 100 na masu ƙuri'a suka ƙi amincewa a kafa wa 'yan asalin ƙasar majalisar ba da shawara a cikin tsarin mulki. A cikin watan ne kuma wata kotu ta yanke hukunci kan ƙarar mutanen ƙauyen Laramba, waɗanda suka shekara da shekaru suna shan ruwa mai yuraniyom.

Amsar da aka fi ji a bakin masu sharhi gajeriya ce: ai an mayar musu da ƙasarsu, su ne kuma suka zaɓi zaman daji, don haka su ji da kansu. Maganar tana da daɗin faɗi, amma ta haɗiye abubuwa da yawa. Wace irin mallaka aka ba su? Wa ke riƙe da takardar? Kuma ta yaya takardar fili ta zama abin da ke hana famfo zuba?

Asalin keɓaɓɓun matsugunai

Aborijin su ne mutanen da Turawan Ingila suka tarar a nahiyar a 1788, bayan sun yi dubun dubatar shekaru a cikinta da harsuna ɗaruruwa. A ƙidayar 2021, su da mutanen tsibiran mashigin Torres sun ɗan haura 800,000, wato kashi 3 da ɗoriya cikin 100 na al'ummar ƙasar. Mafi yawansu yau a birane da garuruwa suke. Maganarmu a kan waɗanda ke can nesa ne, musamman a jihar Yammacin Ostareliya da kuma Yankin Arewa.

Turawa sun ɗauki nahiyar a matsayin ƙasar da ba ta da mai ita. Da makiyayansu suka mamaye rijiyoyi da wuraren farauta, sai gwamnatoci suka ware wasu filaye suka ce nan ne wurin zaman Aborijin. Wasu gwamnati ke gudanar da su, wasu 'yan mishan. Kada kalmar "warewa" ta ruɗe mu. Filin na gwamnati ne, ana iya soke warewar duk ranar da aka ga ma'adini ko ciyawa mai kyau a ciki. A Yammacin Ostareliya, dokar 1905 ta bai wa gwamnati ikon kwashe mutum ta kai shi matsugunin da ta ga dama, ta hana shi fita, ta kuma bai wa wani jami'i da ake kira babban mai kare Aborijin ikon hana mace Aborijin auren wanda ba Aborijin ba, da ikon raba uwa da ɗanta. Waɗannan 'ya'yan da aka ƙwace ne firaminista Kevin Rudd ya nemi gafararsu a majalisa a watan Fabrairun 2008.

Abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan wurare ba a tsara su a matsayin garuruwa ba. Ba a yanka filoti ba, ba a shata titi a taswira ba, ba a sa su cikin littafin ƙaramar hukuma ba. Sansanoni ne aka tara mutane a ciki. Da 'yan mishan suka tattara nasu ya nasu a shekarun 1970, suka bar jama'a da tsofaffin injinan ruwa da gidajen kwano, ba tare da an ce ga hukumar da ta gaji nauyin ba.

Takarda iri uku, kowacce da iyakarta

Idan aka ce "ƙasar Aborijin", abu uku ne mabambanta ake cusawa a buhu ɗaya.

Na farko shi ne filin riƙon amana. A Yammacin Ostareliya, dokar 1972 ta kafa hukumar amintattu da ke riƙe da tsofaffin matsugunan a madadin Aborijin. Filayen da ke hannunta sun haura hekta miliyan 20, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na faɗin Najeriya ke nan, kuma kusan mutum 12,000 ke zaune a kansu. Amma takardar tana hannun hukumar gwamnati. Mutumin da aka haifi kakansa a wurin ba shi da ko shaidar ɗakin da yake kwana. Tun 1996 wani kwamitin bincike ƙarƙashin Neville Bonner, Aborijin na farko da ya shiga majalisar tarayya, ya ba da shawarar a miƙa filayen ga masu su. Kusan shekara talatin ke nan, kaɗan aka miƙa. Wani dalilin jinkirin ma daga al'ummomin yake: wa zai karɓi fili cike da rusassun gine-gine da gurɓataccen juji, alhali ba a ba shi ko kwabon gyara ba?

Na biyu shi ne cikakkiyar mallakar gandu ta Yankin Arewa, kuma ita ce mafi ƙarfi. Tarihinta ya cancanci a tsaya a kai. A watan Agustan 1966, Vincent Lingiari ya jagoranci mutanen Gurindji kusan 200 suka fice daga gonar kiwon Wave Hill ta kamfanin Vestey na Ingila. An ɗauka yajin aikin albashi ne, sai suka ce ƙasarsu suke so. Suka yi shekara tara suna jira. A watan Agustan 1975 firaminista Gough Whitlam ya je har inda suke, ya sunkuya ya ɗebi jar ƙasa, ya zuba a tafin hannun dattijon. Shekara guda bayan nan gwamnatin Malcolm Fraser ta zartar da dokar haƙƙin ƙasa ta 1976. A ƙarƙashinta tsofaffin matsugunai irin su Arnhem Land suka koma hannun masu su, kuma yau kusan rabin Yankin Arewa, yankin da ya ɗara Jamhuriyar Nijar faɗi, yana ƙarƙashin wannan mallaka. Sharaɗinta: ta dangi ce gaba ɗaya, ba a sayarwa, ba a jinginarwa, kuma masu ita suna da ikon cewa a'a ga mai neman ma'adini.

Na uku shi ne haƙƙin kaka da kakanni, wanda ya samo asali daga shari'ar Eddie Mabo. A ranar 3 ga Yunin 1992 kotun ƙoli ta rushe zancen cewa ƙasar ba ta da mai ita, watanni kaɗan bayan rasuwar Mabo, sannan aka yi doka a 1993. Idan aka duba taswira, wannan haƙƙi ya mamaye fili mai ɗimbin yawa. A ƙasa kuwa, sau da yawa abin da yake nufi shi ne damar farauta da kamun kifi da yada zango da yin bukukuwan al'ada a filin da wani makiyayi ke haya. Sai kuma dangi sun tabbatar wa kotu cewa alaƙarsu da wurin ba ta taɓa yankewa ba. Mutanen Yorta Yorta sun faɗi a 2002 saboda haka, alhali korar da aka yi musu ce ta yanke ta.

Babu ɗaya cikin ukun nan da ta zo da alƙawarin bututun ruwa ko turken lantarki. An mayar da ƙasa, ba a ce uffan kan hidima ba.

Inda takarda ke toshe famfo

A garin da aka saba, abubuwa a jere suke. Kowane gida yana da filoti da lamba, mai gida yana biyan harajin ƙaramar hukuma, ita kuma tana kwashe shara tana gyara titi, hukumar ruwa da ta wuta suna da lasisin da ya tilasta musu kai hidima bisa ma'auni. A keɓaɓɓen matsuguni kuwa, duk garin filoti ɗaya ne a idon doka. Ƙaramar hukuma ta ce ba ta karɓar haraji a nan, titunan ciki ma ba na gwamnati ba ne. Hukumar ruwa ta ce wurin yana wajen iyakar lasisinta. Jiha ta ce tun ƙuri'ar raba gardama ta 1967, wadda fiye da kashi 90 cikin 100 suka amince da ita, tarayya ta samu ikon yin doka kan Aborijin, don haka ita ta biya. Tarayya ta ce ruwa da wuta da shara aikin jiha ne ga kowane ɗan ƙasa. Shekara hamsin ana wannan turereniya, ƙauyukan suna rayuwa da tallafin shekara-shekara da 'yan kwangila.

Wanda ya san halin gonar gado a wurinmu zai gane wani ɓangare na matsalar. Kowa a gari ya san gonar gidan wane ce, amma banki ba ya kallonta sai da takardar gwamna, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tsara. Can ma haka ne: banki ba ya ba da rance a kan abin da ba zai iya sayarwa ba in an kasa biya. Malamin makaranta Aborijin mai albashi ba zai iya gina gidan kansa da bashi a garinsu ba, sai ya shiga layin gidan gwamnati.

Akwai kuma wani ƙulli da ba a cika ambata ba. Masu ƙasa daban, mazauna gari daban. A garin Wadeye na Yankin Arewa, wanda mishan ta kafa a 1935, dangogi kusan 20 aka tara a ƙasar dangi ɗaya. Idan za a sa hannu kan wata yarjejeniya, doka masu ƙasar take tambaya, alhali mafi yawan masu shan ruwan zuriyar waɗanda aka kawo ne.

"Ku ba mu haya, mu gina muku gida"

Daga 2006 gwamnatin tarayya ta ɗauki sabon salo. Ta ce ba za ta ƙara zuba kuɗin jama'a a filin da ba ta da iko da shi ba. Aka gyara dokar 1976 don a iya ba da gari sukutum haya na shekara 99 ga wani jami'in tarayya, shi kuma ya riƙa yanka wa mutane da 'yan kasuwa. Garin Wurrumiyanga na tsibiran Tiwi ne ya fara sa hannu a 2007. A shekarar ce kuma gwamnatin John Howard ta ayyana dokar ta-ɓaci a Yankin Arewa da sunan kare yara, ta tura sojoji su taimaka da kai kaya, ta jingine dokar hana wariyar launin fata, ta karɓe garuruwa 64 haya na dole na shekara biyar. Gwamnatin da ta biyo baya ta sassauta murya amma ta riƙe ƙa'idar: ba sabon gida sai an sa hannu kan hayar shekara 40.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce, gaskiya. In babu takarda, wa ke da gidan? Wa za a kama in rufi ya zubo? Ta yaya ma'aikaci zai shiga gyara bututu a filin da ba shi da izini? Haya tana fayyace wannan, tana kuma mai da gwamnati mai gidan haya da za a iya kai wa ƙara, abin da ya yi amfani daga baya.

Amma ta fuskar dattawan da suka yi shekaru suna fafutuka, an ba su da dama ne aka zo karɓa da hagu. Gwamnatoci sun yi gomman shekaru suna gina ofishin 'yan sanda da makaranta a ƙasar Aborijin ba haya ba kuɗin haya, ba wanda ya ce takarda ta hana. Sai da aka zo kan gidan kwana, a garin da ake samun mutum goma sha biyar a gida mai ɗaki uku, takarda ta zama sharaɗi. Wanda 'ya'yansa ke kwana a baranda ba ciniki yake yi ba in an miƙo masa biro. Ni a ganina nan ne zaluncin yake: ba a taɓa cewa mazaunin wata unguwa a Perth ko Darwin ya sallama ikon filinsa kafin a ja masa ruwa ba.

Shekarar da aka ce za a rufe ƙauyuka

A 2014 tarayya ta bai wa Yammacin Ostareliya dalar ƙasar miliyan 90, ta ce daga nan ta wanke hannunta daga hidimar ƙauyukan nesa. A watan Nuwamba shugaban gwamnatin jihar, Colin Barnett, ya ce jiha ba za ta iya ba, mai yiwuwa a rufe har 150 daga cikin ƙauyuka 274. A watan Maris na 2015 firaminista Tony Abbott ya ƙara gishiri, ya ce ba za a yi ta kashe kuɗin haraji kan salon rayuwar da mutane suka zaɓar wa kansu ba. Dubban mutane suka fito zanga-zanga a Melbourne da Sydney da Perth, har gwamnatin jihar ta ja da baya daga maganar rufewa.

Tsoron mutane yana da tushe, don sun ga Oombulgurri. Ƙauye ne a yankin Kimberley na Yammacin Ostareliya da ya yi fama da shaye-shaye da kisan kai da cin zarafin yara, matsaloli na gaske da binciken hukuma ya tabbatar. Maganin da aka zaɓa shi ne a janye hidima ɗaya bayan ɗaya: asibiti, makaranta, kanti, daga ƙarshe wuta da ruwa. A 2011 mutanen ƙarshe suka fita, da yawa suka ƙare a gefen garin Wyndham, wasu ba matsuguni. A 2014 aka kawo katafila aka rushe gidajen. Ba a buƙaci ƙwace ƙasar ba. Kashe janareta ya wadatar.

Batun tsada kuwa gaskiya ne, bai kamata a ɓoye ba. Wasu ƙauyukan ba su kai mutum goma ba. Man dizal sai an ɗauko shi daga ɗaruruwan kilomita, da damina hanya ta yanke na watanni, mai gyaran famfo sai da jirgin sama. Sai dai ƙasar ta saba tallafa wa nesa: ƙananan garuruwan manoma da na masu haƙar ma'adinai suna biyan kuɗin wuta daidai da na birni, ba a kiran zamansu zaɓi. Kuma rufe ƙauye ba ya kashe kuɗin, yana mayar da shi ne asibiti da kurkuku da gidajen marasa galihu na garin da mutanen suka kwarara. Sannan ga tarkon doka: wanda ya bar ƙasarsa yana raunana hujjar alaƙar da kotu ke nema.

Abin da ke faruwa a cikin gida

A 2015 babban mai binciken kuɗi na Yammacin Ostareliya ya duba ruwan ƙauyuka 84. Cikin shekara biyu, kusan kashi 80 cikin 100 sun faɗi gwajin ƙwayoyin cuta aƙalla sau ɗaya. A 14 an samu sinadarin naitiret fiye da abin da jariri ɗan ƙasa da wata uku zai iya ɗauka, a huɗu kuma yuraniyom ya wuce ƙima. Inda abin ya yi tsanani, ruwan gora ake raba wa masu jego.

Laramba tana Yankin Arewa, da nisan kusan kilomita 200 daga garin Alice Springs, mutanenta 'yan ɗaruruwa ne. Yuraniyom ɗin da ke ruwansu ba daga mahaƙa yake ba irin ta Arlit, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake, amma ya kai kusan ninki uku na ma'aunin lafiya, kuma ƙoda yake ci a hankali. Suka kai ƙarar hukumar gidaje. A 2020 ƙaramar kotu ta ce mai gida ba ruwansa, ai wani kamfani ne ke kawo ruwan. Shi kuma kamfanin, reshe ne na hukumar ruwa da wuta da aka ware don ƙauyuka 72, kuma a lokacin babu dokar da ta ɗaure shi da ma'aunin ruwan sha. Mutum ya buɗe famfo a gidan da yake biya wa haya, guba ta zubo, a ce duk faɗin doka babu mai laifi. Sai a 2023 aka kafa musu injin tacewa, babbar kotun yankin kuma ta juya hukuncin, ta ce gidan da ba shi da ruwan sha mai lafiya bai cika gidan haya ba.

Wuta ma haka. Yawancin gidajen mitar kati gare su, irin wadda muka sani: kuɗi ya ƙare, wuta ta ɗauke nan take. Wani bincike kan gidaje sama da 3,000 a ƙauyuka 28 na Yankin Arewa ya gano cewa tsakanin 2018 da 2019 kashi 91 cikin 100 an yanke musu wuta aƙalla sau ɗaya, kashi 74 kuma fiye da sau goma. A ranakun tsananin zafi abin ya fi yawa, don na'urar sanyaya ɗaki tana lashe katin. Ka ɗauki gidan da kaka mai ciwon suga ke ajiye allurarta a firji, rana ta haura digiri 40, kantin da ake sayen kati ya rufe sai Litinin. Mazaunin birni mai biyan bil yana da kariyar doka da gargaɗi kafin a yanke masa. Mai kati shi ke yanke wa kansa, a cewar takarda.

A ƙauyen Santa Teresa na Yankin Arewa, masu haya 70 ne suka kai ƙara a 2016 kan gyare-gyare sama da 600 da aka yi biris da su. Cikinsu akwai wata dattijuwa da ta yi fiye da shekara biyar ƙofar gidanta ɗaya ba ta da ƙyaure. A watan Nuwamban 2023 kotun ƙoli ta ce ana biyan ɗan haya diyyar ɓacin rai da rashin kwanciyar hankali. Tsohuwar ta rasu kafin a karanta hukuncin. Cunkoso da famfon da ba ya aiki su ne ke kawo ƙazuwa da ƙurajen fata da ciwon maƙogwaro, waɗanda ke rikiɗewa su zama ciwon zuciya a jikin yara, cutar da ta kusa ɓacewa a sauran Ostareliya.

A raba filin, ko a bar shi gandu?

Cikin Aborijin ɗin kansu akwai saɓani. Warren Mundine, ɗan siyasa Aborijin, ya daɗe yana cewa mallakar gandu ta bar mutanensa da ƙasa mai yawa da aljihu wayam, a bar mutum ya mallaki gidansa ya ci bashi ya yi kasuwanci. Majalisun da ke wakiltar Aborijin masu filaye a Yankin Arewa suna amsawa da cewa dokar 1976 tun asali ta yarda a ba da haya, matsalar ita ce talauci da nisa. Gidan da aka kashe maƙudan kuɗi wajen ginawa a tsakiyar hamada, wa zai saye shi in an tashi sayarwa? Abin da aka gani a garuruwan da suka karɓi hayar shekara 99 ya fi goyon bayansu, domin waɗanda suka sayi gida 'yan ƙalilan ne. Suna kuma tuna abin da ya faru a Amurka: bayan dokar Dawes ta 1887 ta rarraba filayen 'yan asalin can ga ɗaiɗaiku, ƙasarsu ta ragu daga eka miliyan 138 zuwa miliyan 48 a 1934.

Wata hanya ta uku ta ɓullo daga Gunyangara a Arnhem Land. A 2017 dangin Gumatj suka yi hayar shekara 99, amma kamfanin al'ummarsu ne ke riƙe da ita a maimakon jami'in tarayya. Gwamnati da ɗan kasuwa suna samun takardar da suke nema, iko kuma yana gida.

Abin da ya fara motsi

A 2023 Yammacin Ostareliya ta miƙa ruwa da wutar ƙauyuka 141 ga hukumomin da ke yi wa sauran jihar hidima, wato Water Corporation da Horizon Power, da nufin a kai su ma'auni ɗaya da kowa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, an yi wannan ba tare da an jira an warware rikicin takardun filayen ba, wanda ke nuna tun farko ana iya yi. A watan Maris na 2024 tarayya da Yankin Arewa suka sanar da dalar ƙasar biliyan 4 cikin shekara goma, don gina gidaje har 270 a kowace shekara. A yarjejeniyar ƙasa ta cike giɓin da ke tsakanin 'yan asalin ƙasar da sauran jama'a kuma an sa 2031 a matsayin shekarar da hidimar ƙauyukan za ta kai ma'aunin da jiha ke amfani da shi ga kowa.

Aikin da ya rage mai nauyi ne. Akwai bututun da aka binne tun zamanin mishan ba taswira, akwai rijiyoyin burtsatse da ruwansu ke ja da baya, kamar a Yuendumu inda ƙarancin ruwa ya taɓa tsayar da gina sababbin gidaje. Ƙananan rugage na dangi ɗaya, inda mutane suka koma tun shekarun 1970 don su zauna kusa da kaburburan kakanninsu, mafi yawansu ba sa cikin shirin sababbin gidajen, kuɗin gyara kawai ake ba su. Filayen riƙon amana na Yammacin Ostareliya kuma har yanzu mafi yawansu suna hannun hukumar da aka ce ta miƙa su tun 1996.